Godiyar da Mama ta yi a coci

Shekarun baya can, lokacin ina karatu a kwalejin Gidan Waya, mahaifiyata ta kamu da wani tari da ya ƙi jin magani. A gidanmu na Kachia ba wanda ya ɗaga hankali, domin duk mai yanka citta yana shanya ta ya saba da tari. Muka yi ta ɗura mata zuma da lemun tsami. Sai da ta fara ganin jini a hankici muka kwashe ta zuwa babban asibiti.

Sankarar huhu ce. Mama, wadda ko warin taba ba ta so! Likitar ta zaunar da ni, tunda ni ne ɗan bokon gida, ta ce sun gwada ɗan naman da suka ciro, sun ga wani canji a ƙwayoyin halittar ciwon, irin wanda aka fi samu a mata marasa shan taba. Akwai maganin da ke kama shi sosai. Amma irin wannan ciwon yana son haurawa ƙwaƙwalwa, maganin kuma ba ya isa can yadda yake isa huhu. Saboda haka ko ta ji sauƙi, dole a riƙa ɗaukar hoton kanta. Na yi ta gyaɗa kai kamar wani farfesa, alhali ban kama rabin bayanin ba.

Maganin kuwa ya karɓe ta. Tari ya tsaya, ta murmure, har ta koma gona. Sai ta shirya godiya a coci. Ta ɗaura zanen zumuntar mata, ta taka rawa tun daga ƙofa har gaban bagade, ƙannena na biye da buhun citta da akuya. Ta ɗaga murya ta ce, "Yesu ya warkar da ni kaf!" Mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa na sha kuka.

Da lokacin hoton kai ya yi, ta ce atafau ba ta zuwa. "Yarona, ni na riga na yi shaida a gaban jama'a. In koma kuma in ce a duba mini aikin Allah ko ya yi daidai?" Na lallashe ta har na gaji. Fasto da kansa ya zo ya ce mata zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Ta yi dariya, ta zuba masa tuwon acca.

Ashe ciwon kai ya daɗe da farawa, ɓoyewa take yi, ta ɗaure ɗankwali tamau ta shiga aikinta. Rannan a wurin zumunta, ita ke ba da waƙa, ta buɗe baki, waƙar da take rerawa tun ina goye ta ɓace mata. Hannunta na dama ya saki. Da muka kai ta asibiti, hoto ya nuna ciwon ya bazu a ƙwaƙwalwa, huhun kuwa shiru, ba abin da ya motsa.

A gadon asibiti ta kamo yatsuna da hannun hagu, harshenta ya yi nauyi. "Gaya mini gaskiya. Ƙarya ne na yi a gidan Allah?"

"A'a, Mama. Huhunki lafiya lau, likita ma ta faɗa."

Ta lumshe ido. "To, ka tsaya a coci ka gaya musu haka. Kada wani ya ce Yesu ya yi rabin aiki."

Kafin a tone cittar shekarar ta rasu.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, ban taɓa ganin tsoron mutuwa a idonta ba. Tsoronta ɗaya kada ta kunyata Wanda ta gode wa. Ba na ganin laifinta, kewarta kawai nake yi, kewa mai tsanani.

Ran jana'izarta na tsaya gaban matan zumunta na isar da saƙon yadda ta ba ni. Na so in ƙara nawa, in roƙe su kada wata ta ƙi komawa asibiti don ta yi godiya. Kafin in buɗe baki suka amsa da "Amin", suka ɗauki waƙar da ta ɓace mata, suka kai ta har ƙarshe.