Obadiah da Man Jirgi

Shekara ashirin da shida Baba Obadiah ya yi yana ba jirgin ƙasa mai a tashar Kafanchan, kuma bai taɓa bari kowa ya manta da haka ba. Ko gaisuwa kuka tsaya yi a bakin hanya, kafin ku rabu sai ya san yadda ya cusa maganar. Aikinsa shi ne in jirgi ya tsaya ya bi taragu ɗaya bayan ɗaya da buta mai dogon baki, ya ɗora bayan hannunsa a kan akwatin da ke riƙe da ƙafar tarago ya ji ko ya ɗau zafi, ya ɗaga murfi ya tsiyaya. An ce bai taɓa sallamar jirgi ya je ya kama wuta a hanya ba, na kuma yarda, don mutum ne da ba ya ha'inci a aiki. Taurin kai ne kawai Allah ya zuba masa, bai kuwa zuba kaɗan ba.

Ni sunana Sambo, gyaran babur nake yi a wata rumfa kusa da kasuwa. Mahaifina ya daɗe yana sayar masa da goro a bakin tasha, ta nan na san shi. Mutumin ƙauyen Nok ne, can kusa da Kwoi. Ya baro gida tun yana saurayi, da ubansu ya rasu ƙannensa suka raba gonar citta a tsakaninsu, suka ce ai shi ɗan gwamnati ne, me zai yi da fartanya. Bai ja da su ba. A lokacin yana da kaki, yana da gida a kwatas ɗin reluwe, in ya je Kirsimeti har tsayuwa ake yi a gaishe shi.

A 1989 aka rage ma'aikata, sunansa ya fito a ciki. Ya haura hamsin a lokacin. Suka bar kwatas shi da matarsa Hellen suka kama ɗaki ciki da falo a can gefen gari, ya ɗauki abin da aka sallame shi da shi ya sayi ɗan ƙaramin babur na hannu, irin mai hayaƙin nan, don ɗaukar fasinja da buhunan citta. Kowa ya san lissafin, shi ma ya sani. In babur ya ci gaba da tafiya, Obadiah ya zauna a Kafanchan da mutuncinsa. In ya mutu, sai Nok, wurin ƙannen da ba su bar masa ko kunya ɗaya ta gonar ba.

Ban da kuɗin babur akwai wani abu da ya fito da shi daga tasha: jarka uku na man jirgi, ragowar gindin duro da ake zubarwa, wanda ya yi shekaru yana tacewa da tsumma yana tarawa.

Ranar da ya fara kawo mini babur ɗin rumfata cike take da 'yan acaɓa. Ya kamata in faɗi wani abu a nan, don shi ne ya fi ci mini rai. Tun bayan rikicin addini na 1987 garin ya rabu ba tare da an ja layi ba. Yawancin mutanen unguwarsu sun daina kawo mini aiki, mu ma mun daina shiga wajensu sai dole. Obadiah kuwa ya wuce makanikai uku na ɓangarensu, ya turo hancin babur ɗinsa har cikin rumfata, ya ce ɗan mai goro ne zai duba masa.

Na duba, babur ɗin ba laifi. Na yi masa bayani kamar yadda nake yi wa duk sabon shiga. Irin wannan inji ba shi da ruwa a cikinsa kamar na mota, iska ce kawai take sanyaya shi in ta bi ta tsagogin jikinsa, saboda haka ba ya son laka ta toshe su, ba ya son a tsaya da shi yana ta kuka a wuri ɗaya. Mai iri biyu yake sha ban da fetur. Akwai na giya, wanda yake zaune a ƙasa tare da kuloci, ana yi masa juye lokaci lokaci, kuma ba a son mai kauri sosai don kada kulocin ya riƙa maƙalewa. Sai kuma wani siririn mai da muke kira tuti, ana zuba shi a ɗan tanki a gefe, wani ɗan famfo yana ɗigo shi cikin injin yana ƙonewa tare da fetur. Wannan na biyun shi ne ran injin. In bai iso kan lokaci ba, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe ke nan.

Ya saurare ni yana gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya yanke abin da zai yi. Da na gama sai ya ciro wani gwangwanin madara daga aljihu ya buɗe ya miƙo mini. Baƙin mai ne kirim, mai kauri kamar maɗi. Na karkata gwangwanin, man ya tsaya yana shawara kafin ya motsa.

"Wannan ya ɗauki tarago talatin har Fatakwal," in ji shi. "Mashin nan nawa yake da nauyi? Mai ɗin ku na kwalba ruwa ne, ni na taɓa shi."

Da na ja shi gefe na nuna masa bakin famfon nan, wanda bai fi tsinken tsintsiya faɗi ba, da ya gane, don ba jahili ba ne a kan ƙarfe. Amma ina da baki, kuma ga 'yan kallo. Na ɗaga gwangwanin sama na ce wannan ai kwalta ce, ya kai wa masu gyaran titi. Aka yi dariya. Dariyar ta yi mini daɗi, sai na ƙara.

"Baba, jiragen da ka shayar da wannan ɗin ina suke yanzu? Ga su can kwance a loko, filin da ake ajiye su, ciyawa ta fito musu."

Wannan karon dariyar ba ta yi ƙarfi ba. Ya karɓi gwangwaninsa ya rufe, ya goge bakinsa da babban yatsa ya mayar aljihu. Ya ce, "Na gode, Malam Sambo." Ya tada babur ya tafi. Tun daga ranar bai sake tsayawa a rumfata ba, ko da yake in ya wuce yakan ɗaga hannu.

Wucewarsa kuwa ba ta ɓuya. Hayaƙi ne shuɗi mai nauyi yake binsa a baya, in ya sa giya sai ka ji ƙaras, babur ya yi tsalle kafin ya miƙe. 'Yan acaɓa suka sa masa suna Jirgin Jos. Amma aiki yana yinsa, ban taɓa ganin mai himma irinsa ba. Ranar kasuwar Kwoi tun da sassafe ya fita, ya kwaso citta daga ƙauyuka ta hanyoyin da mota ba ta shiga, wani lokaci har Kachia yake kaiwa. Ba ya gudu, ba ya faɗa da fasinja, mata masu kaya shi suke jira. Wani bakanike na unguwarsu, Zamani, ya gaya mini a shagon kayan gyara cewa duk mako sai ya kankare masa fulogi, har salansa ya taɓa ƙona masa don ta toshe da baƙin dasƙare. Ya ce shi ma ya yi masa maganar man, Obadiah ya tambaye shi shekararsa nawa a duniya. Na yi dariya na ce a bar shi, injin zai gaya masa da kansa.

Cikin Disamba, da hantsi, sai ga Mama Hellen a rumfata. Soyayyar doya take sayarwa a bakin tasha, ba ta taɓa tako wurina ba. Ta jira har na sallami mai aikin da ke gabana, sannan ta matso ta yi magana ƙasa ƙasa. Ta ce sanyi ya sa man ba ya zubowa daga jarka, kullum da safe sai ya ɗora shi a kan murhunta a cikin tsohuwar tukunya ya narke kafin ya zuba a tanki. Na ce ai zai huce a cikin tankin ya koma yadda yake. Ta ce ta gaya masa haka, ita da ba ta san inji ba. Ta ce yanzu sai ya buga kik ya fi ashirin kafin babur ya tashi, wani lokaci ya zauna a kan dutse yana kallonsa kawai. A ganinta ya fara gane cewa ya yi kuskure, hanyar dawowa ce ba shi da ita.

"Ba zai zo wurin ka ba, ka sani," ta ce. "Amma in kai ka zo gida, ba mutane, zai ji. Domin Allah, ɗana."

Na ce zan zo ranar Lahadi bayan sun taso daga sujada.

Ban je ba. Lahadin farko aiki ya yi mini yawa, wannan gaskiya ne. Ta biyu kuwa ina zaune babu abin da nake yi. Na riƙa gaya wa kaina cewa mai neman gyara shi yake zuwa wurin bakanike, ba bakanike yake bin gida gida ba. Akwai kuma ɗan tsoro, ba zan ɓoye ba, na shiga unguwarsu ni kaɗai, da abin da mutanenmu za su ce in an gan ni. Amma babban abin shi ne in na je dole in ba shi haƙuri a kan maganar loko, ni kuma ban shirya ba. Haka Lahadi ta riƙa zuwa tana wucewa har na daina tunawa da alkawarin.

Sanyi ya wuce, zafin Maris ya shigo. Wata ranar Talata da la'asar na ɗago kai daga aikin da nake yi na hango shi yana turo babur. Babu kaya a kai, rigarsa ta jiƙe sharkaf, takalminsa ɗaya ya tsinke ya ɗaure da igiyar buhu. Daga baya na ji cewa a kan wani hawa tsakanin Kwoi da Kafanchan, da buhu biyu a baya, injin ya yi wata ƙara ya tsaya cak. Cittar ya bar wa mai ita a bakin hanya, shi kuma ya turo abinsa tun azahar. Rumfar Zamani tana kan hanyarsa, ya wuce ta.

Na kori masu zaman banza da ke rumfar. Abin da ya kamata in yi tun shekara guda da rabi da ta wuce, ranar na yi shi.

Na taka kik, ko motsi. Na kwance kan injin. Fistin ya manne da bulo, wato gidan da yake kai da komo a ciki, ringin da ke zagaye da shi sun narke a cikin baƙin dasƙare, da na samu na buge shi ya fito sai ga jikin bulon duk ya karce. Na leƙa ƙasa, karanshaf, sandar da fistin yake juyawa, ya yi shuɗi don zafi. Na cire siririn tiyon da ke kawo mai daga famfo na busa, iska ta ƙi wucewa. Obadiah yana tsugune kusa da ni, ya miƙa bayan hannunsa ya taɓa ƙarfen, ko da yake ya daɗe da hucewa. Ban yi masa dogon bayani ba. Gyaran sai an sayi fiye da rabin inji, a shekarun da kayan gyara suke tashi kullum, kuma ni da shi duk mun san babu hali.

Sai ya ce in nuna masa man da ya kamata. Na ɗauko kwalbar tuti na ɗiga masa a tafin hannu. Ya murza da yatsa biyu, ya kai hanci, ya sake murzawa a hankali irin na wanda ya san abin da yake taɓawa.

"Siriri ne, amma yana da jiki," ya ce. "Ban taɓa shi da kyau ba wancan lokaci."

Na ba shi haƙuri a kan abin da na faɗa masa a gaban mutane. Ya ce ba komai, ai jiragen suna kwance ɗin, ban yi ƙarya ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Babur ɗin a kayan gyara aka sayar da shi, wani ya ɗauki ƙafafu, wani tanki. Ya nemi aikin gadi bai samu ba, doyar Mama Hellen kuma ba ta iya riƙe ɗaki, don jiragen da ke kawo mata masu saye sun ragu ƙwarai. Kafin damina ta kankama suka haɗa kaya. Na ji daga baya cewa a Nok ƙaninsa ya ba su ɗakin da ake ajiye citta, shi kuma yana bin gonakin mutane yana noman ƙodago da 'ya'yan waɗanda a da suke tsayuwa su gaishe shi. Bai kai shekara biyar a can ba ya rasu.

Ranar da za su tafi na je tashar mota. Yana can bayan bas yana faɗa da kwandasta a kan yadda aka ɗaure katifa, wai igiyar ba za ta kai Kwoi ba. Mama Hellen tana zaune a kan ƙullin tukwanenta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da kyau, ta tambayi iyalina. Na fara kame kame a kan aiki da ya yi yawa a lokacin nan, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ba da fushi ba.

"Na gaya masa za ka zo," ta ce. "Lahadi huɗu, in mun taso sujada, sai ya wanke mashin ya kafe shi a ƙofar gida, ya fito da kujera biyu. Har yamma yake zama."