Mai Goge Faifan Direba

A shekarun da kowace bas ke da rediyo mai cin faifan sidi, na taɓa hawa mota daga Daura zuwa Kano, kuma kwaɗayin gidan gaba ya ja mini. Mu biyu aka cusa a kujera guda, ni da wani mai tumbi irin nawa, har giyar motar ta koma ƙarƙashin cinyata.

Ba mu yi nisa ba waƙar da ke tashi ta fara in'ina. Mawaƙin ya kama kalma ɗaya ya ƙi saki. Direba ya zaro faifan ya ɗora mini a cinya.

"Alhaji, goge mana. Jiya ban runtsa ba, kuma ni in babu kiɗa barci nake ji."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Na dubi idonsa, ja wur kamar gauta, fatar sama tana saukowa a hankali. Nan take na daina dariyar.

Faifan kuwa kamar kaji sun yi tono a kansa. Na hura masa iskar baki, na goge da gefen rigata, na mayar. Ya yi waƙa ta ɗan lokaci, ya sake sarƙewa. Kan direba ya sunkuya, motar ta karkata wajen gonar gero.

"Direba!" in ji wata tsohuwa daga baya. Sai ta juyo kaina: "Kai na gaba, me kake yi ne? Ba aikinka ke nan ba?"

"Inna, ni ma fasinja ne, kuɗi na biya!"

"To biya mu da rayukanmu. Goge!"

Na ce a tsaya in sauka. Direba ya ce mota ba ta tsayawa a hanya, in ta mutu sai da turi. Na ce wani ya karɓe ni, kowa ya kau da kai yana kallon taga. Wani Ibo mai shagon kayan gyaran mota a garinmu, wanda Hausa ta zauna a bakinsa fiye da nawa, ya miƙo makilin daga jakarsa.

"Maigida, shafa kaɗan. Daga tsakiya zuwa baki za ka ja, kada ka yi ta zagaye kamar mai wanke kwano."

Na shafa, na murza da yatsa, na miƙa hannu ta kan mai tumbi na ɗauraye da ruwan leda ta taga, rabin ruwan ya koma fuskar tsohuwa. Na tsane shi da hular maƙwabcina, don ta fi rigata laushi. Abin mamaki, ƙananan karcen suka dushe, waƙa ta miƙe. Mota ta ɗauki kabbara. Na ji kamar in nemi sarauta.

Amma akwai wani karce mai zurfi da makilin bai isa gare shi ba. Duk sanda waƙa ta zo kansa, sai in zaro, in shafa, in wanke, in mayar, ina zungurin direba da gwiwar hannu kafin kiɗa ya dawo. Haka muka wuce Kazaure, ƙafata ta mutu, rigata fari fat da makilin, ina ƙamshi kamar bakin ango.

Bayan Ɗambatta faifan ya ƙi tashi gaba ɗaya. Motar ta yi tsit.

"Alhaji," in ji direba cikin hamma, "ko ka iya waƙa?"

Ban iya ba. Muryata ko awaki ba sa jure ta. Amma na buɗe baki na yi ta kwarara abin da ya zo, tsohuwa na amshi, Ibo na buga bayan kujera. Direba ya ce tun da yake tuƙi bai taɓa jin abin da ya kori barci kamar wannan bala'in ba.

Da muka shiga tashar Kano ya kashe mota, ya kifa kai a sitiyari, sai minshari. Na baya suka sauka suna sa mini albarka. Na miƙa hannu ta kan mai tumbi na ja mariƙin ƙofar gaba, sai ya ɓalle a hannuna. 'Yan tasha suka ce ƙofar nan direba kaɗai ya san makamarta. Na dube shi yana barcinsa, na kasa tashinsa. Muka zauna ni da mai tumbi muna jira.