Furojen Hutun Jakai

Sunansa na baftisma Ghislain, amma a ƙauyenmu babu wanda ya taɓa wahalar da harshensa a kansa. Mushe Fenti muke ce masa, wato Malam Fenti a Faransancinmu, daga ɗalibai har liman, domin ba ka ganinsa sai da ɗigon shuɗi a gwiwar hannu ko a bayan kunne. Ni tarihi nake koyarwa a kwalejin da aka turo shi, can gefen Guéchémé, kuma katanga ɗaya ta raba ɗakina da nasa, don haka abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Haifaffen Dogon Dutsi ne, unguwar bayan mishan. Ubansa magini ne, ya so yaro ya gaje shi, amma in an ba shi bango ya yi yaɓe, kafin a juyo ya zana raƙumi a ɗanyen laka. Da uban ya gaji da duka sai ya sallama shi ga tasha, inda ya girma yana zana kawuna a allunan masu aski da zakoki a bayan motoci. Daga nan ya tafi Yamai ya yi karatu, ya dawo da takardar malanta da wata tsohuwar kwamfuta wadda batirinta ke mutuwa kafin ta gama gaisuwa.

Shi ba ya cika allo da rubutu kamar mu. Aiki yake ba yara, ƙungiya-ƙungiya. Sun yi wa mata masu ƙuli-ƙuli takardar manna wa leda, sun yi wa 'yan ƙwallon gari tambari. Fentinsu bula ce da jar ƙasa da gawayi, a dama da ƙaro. Burushi kuwa, kada ka tambayi dalilin da ya sa awakin unguwar makaranta duk wutsiyarsu a aske take. Dokarsa ɗaya ce: allo mai kyau shi ne wanda mutumin da bai yi lakwal ba, wato boko, yana bisa kabu-kabu a guje, zai kalla ya gane.

Diraktanmu, Malam Abdulhakim, mutumin lissafi ne, kuma a wurinsa zane wasan yara ne da aka ba kujera. Tun farkon shekara ya faɗa a gaban malamai cewa in ba a ga amfanin wannan darasi ba kafin hutu, zai ba lissafi awar, ya rubuta wa manyan ilimi a Doso a nema wa mai fenti wani wuri. Mushe Fenti ya yi murmushi, amma ni na san abin ya soke shi, don ba shi da wani abu a duniya da ya wuce wannan awa.

Sai ya ƙudurta yin babban aiki. Ya ce kowace ƙungiya ta ƙirƙiro wata hukuma daga kanta, ta yi mata suna da tambari da allo na sosai, mai ƙafa biyu. To yaran nan allo iri ɗaya suka sani, wato na furoje, irin wanda 'yan ƙungiyoyin agaji masu farar mota ke kafawa a bakin hanya in za su haƙa rijiya ko su raba awaki. Ƙungiyar wata yarinya mai suna Lubabatu, wadda ubanta ke da amalanke da jaki mai gyambo a baya, ta fito da Furojen Hutun Jakai. Sun zana jaki kwance ƙarƙashin gawo ya harɗe ƙafa kamar alhaji, a samansa hannaye biyu suna musabaha, a ƙasa jerin tutocin ƙasashen da Allah bai halitta ba tukuna. Suka rubuta: Kowace Alhamis. Tsakani da Allah, allon ya fi na gwamnati kyau.

Warin ƙaro ya dami aji, sai aka kafa allon a bakin hanya, gindin gawon da ke wajen shinge, don ya bushe. Mushe Fenti ya hau mota ya tafi Dogon Dutsi duba mahaifiyarsa.

A nan sai na yi wa baƙo bayani. Mutanenmu sun sha furoje sun ƙoshi, sun san tafiyarsa. In allo ya tsaya, ba a jira. Masu mota da sun sauko tambayarsu ta farko ita ce ina kwamiti, kuma garin da ya yi nawa, maƙwabta ke cin rabonsa. Kafin Mushe Fenti ya dawo an zauna a ƙofar maigari, an naɗa Baba Mani, tsohon mai jakai, shugaba. An naɗa mataimaki, da wakiliyar mata, da wakilin matasa, da wani da aka ce shi ne mai kula da zaman lafiya tsakanin jakan.

Ranar Alhamis aka kawo jakan gindin allon. An wanke su, wata ma an sa mata lalle. Ba a ɗebo ruwa ba, ba a kai taki gona ba, mata suka ɗauki tulu a ka suna tsinuwa. Waɗanda ba su da jaki suka aro. Wani ya jawo bijiminsa, ya ce ai shi ma yana jan amalanke. Ina cikin aji ina bayanin daulolin da, jakan suka ɗauki kuka gaba ɗaya, na rufe baki na zauna, don ba a gardama da su. Alhamis ta gaba ƙauyen da ke kusa ya aiko tawaga yana ƙorafin an nuna masa bambanci.

Mushe Fenti ya je gindin gawo ya durƙusa ya faɗi gaskiya, cewa aikin aji ne, babu wata mota da ke tafe. Baba Mani ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Mushe, mu ba yara ba na. Kowane furoje haka shika farawa, a ce babu, sai ka ga mota. In rabonka kaka so, hwaɗi, mu sa ka cikin kwamiti."

Ya kawo Lubabatu ta nuna musu kwanon fentin. Suka yi wa ubanta barka, an ɗauki ɗiyarsa sakatariya. Ya gwada tuge allon, kwamiti ya sa masa mai gadi.

Diraktan ya kira shi ofis, muna jiyo faɗan har waje. Ya ce in maganar ta kai ga hukuma a Tibiri kowa zai ji a jikinsa, kuma ya ba shi zuwa Alhamis mai zuwa ya kashe ta. Na tausaya wa Mushe Fenti ƙwarai. Na kai masa fura, har ta tsinke bai taɓa ba.

Da ya rasa dabara, sai ya yi abin da ya iya, ya mai da matsalar aikin aji. Ya tambayi yara yadda furoje ke mutuwa. Suka ce ai biki ake yi. Suka zana sabon allo, jakin ya miƙe tsaye yana ɗaga kofato, ƙarƙashinsa an rubuta: An Kammala, Mun Gode. Aka jera bencina, aka yi jawabai, aka tafa. Baba Mani ya miƙe ya ce duk furojen da suka zo garin nan, wannan ne kaɗai ya yi abin da ya rubuta, don gyambon jakai ya warke. Kwamiti ya watse cikin mutunci.

Washegari diraktan ya aiko kiransa. Mushe Fenti ya tafi da burusansa a ɗaure, ya riga ya yi mini sallama, ni kuma na bi bayansa. Malam Abdulhakim bai shiga ofis ba. Ya kai shi bayan makaranta, inda azuzuwan da aka yi da zanar ciyawa suke, waɗanda iska ke kayarwa duk bazara, ruwan farko kuma ya kori yaran gida. Ya ce tun zuwansa yake kiran iyaye taron gyara su, ba ya samun kowa sai tsofaffin da suka zo shan inuwa, amma ga shi an taru saboda jakai har da tawaga.

"Awarka tana nan," ya ce, bai dube shi ba. "Amma allo nika so, nan wurin. A sa tutoci da yawa."

"Ƙarya ce za mu kafa, Diraktan."

"To zana gaskiyar, in tana tara mutane."

Mushe Fenti ya leƙa ta ɓular zana. Yaran na zaune a ƙasa, rana ta keto rufin tana dukan kawunansu. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya kwance ɗaurin burusan.