Inci Biyun da Kawu Ya Hana Kansa

Kawuna tela ne, kuma duk layinmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Inci Biyu ake ce masa. Dalili kuwa, ko rigar jariri ka kawo masa sai ya bar rarar inci biyu a kowane gefe, ya naɗe ta a cikin ɗinki, ya danne da guga. In ka yi ƙorafin yana ɓarnar yadi, sai ya leƙo ka ta saman tabarau ya ce, "Mutum ba katako ba ne. Yau ya kumbura, gobe ya sace. Ranar da ka kumbura za ka dawo ka gode min." Shekara talatin yana wannan wa'azi, kuma mutane suna dawowa ɗin.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Na bar makaranta a aji huɗu bayan ni da lissafi mun fahimci cewa ba ma son juna. Na taɓa wankin mota, na taɓa kiwon kaji har kajin suka gaji da ni suka mutu, yanzu ina da tebur a bakin shagonsa ina sayar da caja da iyafis. Ɗan Gantali yake kirana. Saboda haka duk abin da zan faɗa a gabana aka yi, wani ma da hannuna a ciki.

Kawu mutum ne mai jiki. Tumbinsa kan riga shi shiga shago, ya gaisa da mutane, sannan shi ya iso. Tef ɗin awo ya ce arba'in da shida, kuma wannan bai taɓa hana shi barci ba, sai ranar da kujera ta ci amanarsa. An kira taron iyaye a makarantar koyon jinya inda Auta, 'yarsa ta ƙarshe, take karatu. Ya zauna a kujerar roba, kujerar ta yi tunani kaɗan, sannan ta baje ƙafafu huɗu. Ƙawayen Auta suka yi dariya. Dariyar minti ɗaya ce, amma Kawu ya ƙunso ta ya kawo gida kamar tsaraba.

A makon ne Auta ta gwada jininsa ta ga ya hau. Ta ja shi wurin likita, likita ya ce ya rage gishiri, ya riƙa tafiyar rabin awa kullum, ya sha maganinsa. Magana ta ƙare ke nan a wurin mai hankali. Amma Kawu ya ga wannan ya yi arha da yawa. Ya shiga waya ya samo wani mai farin haƙori da ƙirji kamar ƙofar gareji, yana ihu cewa duk wanda ya yarda da kansa yadda yake ya riga ya mutu, binne shi ne kawai ba a yi ba. Ni na sayar masa da iyafis ɗin da yake sauraron mutumin da shi. Wannan laifina ne na farko.

Cikin sati biyu shago ya canja. Hotunan samfurin ɗinki da ke bango aka lulluɓe su da takardu: BA UZURI. RAGO BA YA CIN NASARA. JIYA TA MUTU. Shayi da burodin safe ya zama ruwan zafi da lemon tsami. Abincin rana ya zama kokwamba, yana tauna ta da fuskar mai cin amanar kansa. Da sassafe sai ka gan shi yana gudu a bakin titi, karnukan unguwa suna rakiya, ba don cizo ba, don mamaki. Ya kwashe kayan sawarsa kaf ya rabar, sai riguna biyu na aiki, wai mai farin haƙori ya ce kada a bar wa tsohon jiki wurin komawa.

Da abin ya tsaya a kansa da sauƙi. Wani direban tifa, tsohon kwastomansa, ya zo a auna shi wando. Kawu ya zagaya tef, ya duba lamba, ya girgiza kai ya ce, "Abokina, wannan tumbin ba naka ba ne, na uzuri ne."

Direba ya ce, "Na uzuri ne ko na ubana ne, wando na zo ɗinkawa. Ba ni yadina."

Ya tafi bai waiwayo ba. Kawu ya ce irin waɗannan su ne masu tsoron canji.

Saura wata huɗu bikin yaye su Auta, ya sayo yadi shuɗi mai duhu, mai santsi, ƙarshen bandir ne, mai shagon ya ce babu irinsa kuma. Ya shimfiɗa a tebur, ya ɗauki alli ya zana riga a kan talatin da takwas. Inna, matarsa, ta shigo da kwanon abincin da ta san ba zai ci ba, ta tsaya tana kallo.

Ta ce, "Baban Auta, rigar wa kake yankawa?"

"Tawa."

"Taka ta yaushe? Ta lokacin da kake zuwa zance?"

"Ta mutumin da zan zama."

"To Allah ya kawo shi lafiya. Ka bar masa rara dai."

Nan ne Kawu ya yi abin da bai taɓa yi wa ko maƙiyinsa ba. Ya ɗora almakashi a kan layin alli daidai, ya yanke rarar gefe biyu, dogayen ƙyallaye guda biyu, ya jefa su a kwandon shara kamar mai jifan shaiɗan. Ya ce, "Rara ƙofar uzuri ce. In rigar nan ba ta shige ni ba, ba inda zan je. Ba zan sake kunyata yarinyar nan a gaban ƙawayenta ba."

Inna ta ɗauki kwanonta ta ce, "Wanzami dai ba ya son jarfa," ta fita.

Ni kuwa da na ga yadi mai laushi a shara sai zuciyata ta karye. Na tsince su. Ɗaya na riƙa goge gilashin wayoyi da shi, ɗayan na ba takalmina. Duk talaucina ba na wasa da takalmi. Wannan laifina ne na biyu.

Gaskiya ɗaya zan faɗa don kada a ce ƙiyayya ce: Kawu ya ragu. Jininsa ya sauka, Auta da kanta ta ce. Ya daina haki in ya hau matakalar shago. Wuyansa ya dawo daga inda ya tafi. Amma duk wannan bai gani ba, tef kawai yake gani. Sau uku a rana yake auna kansa. Mutumin da in kwastoma ya shanye ciki lokacin awo yake dukan tumbinsa da bayan hannu ya ce "saki numfashi, ba hoto muke ɗauka ba," shi ne zai ɓuya bayan labule ya shanye nasa har idanunsa su firfito, ya ja tef kamar mai ɗaure buhun gawayi. In lambar ba ta yi masa ba sai ya hukunta kansa da fashin abincin dare. Wata rana jiri ya ɗebe shi a kan keken ɗinki, ya ɗinke wa wani malamin makaranta aljihu a juye, bakin yana kallon ƙasa. Na ce masa wannan ai ci gaba ne, aljihun da ba ya tara abin duniya. Ya jefe ni da kwarkwaron zare.

Ana gobe biki, da la'asar, ya rufe rabin ƙofa ya ɗauko rigar. Kai ya shiga. Hannuwa suka shiga. Da ta iso ƙirji sai ta ce nan ne iyakarta. Kawu ya tsaya a tsakiyar shago hannuwa a sama, fuska a rufe, tumbi a waje, kamar wanda 'yan fashi suka tare. Ba ta sauka, ba ta hawa. Daga cikin rigar na ji murya ƙasa-ƙasa: "Ɗan Gantali, kira min Innarku. Kuma in na ji dariya sai na cire maka haƙora."

Ni da Inna muka ja, ita hannun dama ni na hagu, har rigar ta haife shi. Ya zauna a benci yana numfashi. Ya zagaya tef da kansa, ya shanye ciki iyakar ƙarfinsa, duk da haka arba'in da ɗaya ya samu.

Ya ce, "Shi ke nan. Ku je ku kaɗai."

Ana cikin haka Auta ta shigo da katunan gayyata a hannu. Inna ta ba ta labari a jimla biyu. Auta ta dubi rigar, ta dubi ubanta.

"Baba, saboda kujera?"

"Saboda ke. Na ji dariyar da suka yi."

"Kujerar nan ta kayar da mutum uku kafin kai, har da shugabar makaranta. Ni na manta da ita tun a ranar. Kai ne kake ta goyonta wata shida." Ta ajiye katunan a kan keke. "Biyu aka ba ni, ɗaya na Inna. Shekara uku kana raka ni tasha da akwati a ka, ban taɓa ce maka ka rage tumbi kafin ka ɗauka ba. In ba ka zo ba zan ba Ɗan Gantali katin, ya je ya zauna a kujerar uba."

Na ce ni ba ni da matsala, na ji ana raba lemo. Ba wanda ya kula ni. Ta fita, kuma na ga tana share ido da gefen mayafi, abin da Auta ba ta yi ko da allura ta soke ta.

Kawu kuwa ba shi da wani abin sawa. Rigunan aikinsa biyu duk man keke ne, sauran kayan kuwa suna jikin mutanen da ya yi wa kyauta. Inna ta zauna kusa da shi ta ce, "In baƙo ne ya kawo maka rigar nan ya ce ta matse shi, me za ka yi?"

"Sai in farke gefe in saki rara."

"Nawa ake nema?"

"Inci huɗu. Biyu nan, biyu nan." Ya faɗa da sauri irin na mai sana'a, sannan ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya juya ya kalli kwandon shara, wanda aka zubar sau ɗari tun ranar.

Na daɗe ina auna abin a raina, don na san ko na yi magana ko ban yi ba akwai zagi a gaba. Sai na jawo ƙyallayen daga ƙarƙashin teburina na ajiye a gabansa. Ɗaya ƙura ce kawai. Ɗayan kuwa yana da tabon baƙin man takalmi a tsakiya, faɗinsa kamar tafin hannun yaro.

Kawu ya ɗaga shi da yatsa biyu. "Yadin da na zagaya kasuwa kwana biyu ina nema, shi ka mayar tsumman takalmi?"

"A shara na tsinta, Kawu. Ƙofar uzuri ce, ka ce."

Ya zage ni, ya haɗa da kajina da suka mutu. Inna ta wanke ƙyallayen da ruwan zafi da sabulu, aka busar da guga. Tabon ya dushe amma bai tafi ba. Kawu ya daɗe yana jujjuya shi. Can ya miƙe, ya cire iyafis daga wuyansa ya ajiye, ya miƙo min tef.

"Zo ka auna ni. Kuma ka karanta daidai in ka iya."

Na zagaya tef. Na ji cikin ya shige kamar kullum. Na ɗaga bayan hannu na ɗan buga tumbin, abin da na shekara goma ina mafarkin yi, na ce, "Saki numfashi, ba hoto muke ɗauka ba."

Ya harare ni, sannan ya saki. Arba'in da biyu cif.

Ya ɗauki reza ya farke gefen rigar. Maganar gaskiya, hannun mutumin nan ba na wasa ba ne. Ya jera ƙyallayen, ya juya mai tabon yadda baƙin zai faɗa ƙarƙashin hammata, ya taka keke. Kafin rana ta faɗi riga ta zauna a jikinsa kamar tare aka haife su. Ya ce in dai bai ɗaga hannun hagu ba, ba mai gani. Sannan ya ce wa Inna ko akwai sauran shinkafar rana.

Washegari ba ni da kati, amma ba a taɓa gina zauren da ba shi da taga ba. Na hango shi ya wuce kujerun roba da girmamawa, ya zauna a bencin ƙarfe, hannun hagu manne da haƙarƙari kamar mai ɓoye kazar sata. Haka ya zauna awa biyu ana jawabai. Da aka kira sunan Auta ta hau dandamali cikin fararen kaya, sai ta tsaya tana neman su da ido a cikin taro. Kawu ya miƙe tsaye ya ɗaga hannuwa biyu sama yana kaɗawa, tabon man takalmina yana kallon duk wanda ke layin hagu. Wata mata a bayansa ta taɓa ƙawarta ta nuna. Ya gan su sarai. Bai sauke ba sai da Auta ta gan shi ta ɗago masa takardarta.

Da aka fito matar ta ce masa, "Malam, rigarka ta taɓa wani abu a hammata."

Ya ce, "Na sani, Hajiya. Telan ne ya yi ganganci, amma ya tuba."

Yanzu yana nan a arba'in da biyu, wani watan da ɗaya, wani watan da uku. Yana tafiyarsa ta safe, karnuka sun daina rakiya. Gishiri kaɗan, shayi ya dawo, burodi rabi. Takardun bango ya cire su yana rubuta awon mutane a bayansu, direban tifa ma da ya dawo a bayan BA UZURI aka rubuta ƙugunsa. Ni kuwa jiya na ga wani ƙyalle mai kyau a kwando na miƙa hannu, sai na ji almakashi ya daki tebur.

"Ajiye shi, Ɗan Gantali. A shagon nan ba a zubar da rara."