Kawu a Baje-Kolin Kayan Samari

Shagona yana kan hanyar da ta bi ta bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Kaura Namoda. Kayan samari nake sayarwa: wandunan jins, rigunan tishat, kambas da hulunan hana-salla. Ranar Alhamis kuma in ɗaure kaya in bi motar kasuwa zuwa Shinkafi, in baje a rumfa har la'asar. Gidanmu gidan karatu ne. Mahaifina ya koyar da Larabci har ya yi ritaya, yayyena suna aikin gwamnati, ni ma na riƙe alli na 'yan shekaru kafin in gane cewa hannuna ya fi son yadi. Ba a yi mini faɗa ba. Mahaifina ya ce in ji tsoron Allah a ciniki, ya sa mini albarka.

Damuwata a lokacin ita ce kullum a bayan yayi nake. Sai in je Kano in saro abin da dillalai suka rantse shi ake yi, in dawo in rataye, ɗalibi ya shigo ya miƙo mini waya ya nuna wata riga daban ya ce irinta yake nema. Wadda na rataye kuwa ya dube ta da tausayi ya ce ta bara ce. Ana cikin haka wani abokin sana'a ya ba ni labarin baje-kolin da ake yi a Abuja, inda masu ɗinka kayan matasa ke nuna abin da suka ƙirƙiro, masu shaguna irina su je su zaɓa tun kafin kayan su cika kasuwa. Shi ya yi mini rajista ta waya.

Saura kwana uku in tafi mahaifiyata ta kira ni ɗakinta. Ta ce yayanta zai je Abuja barkar haihuwa wurin 'yarsa, kuma bai taɓa zuwa ba, sai in tafi da shi. Kawu tela ne a Zurmi. Ya fi shekara arba'in a kan keke ɗaya, baƙi, mai feda, wanda ya ƙi yarda a sa masa mota. Da damina yakan rufe shago da safe ya tafi gonar gero, ya dawo da azahar ya ci gaba da ɗinki. Mutum ne marar yawan magana, sai dai in ya ga tufa. Ko a wurin ta'aziyya idonsa yana kan wuyan rigar na kusa da shi.

Muka tashi da rana ta ɗaga, kamar yadda kowa ke yi a hanyarmu, muka isa lafiya. Ya ga jikarsa, ya yi mata addu'a, ya tofa mata a ka. Washegari ina ɗaure igiyar takalmi zan tafi baje-kolin sai na gan shi tsaye a bakin ƙofa cikin jamfarsa ruwan ƙasa da wandonsa mai faɗi, ya kafa hula. Na ce masa wurin na yara ne, akwai kiɗa da hayaniya, zai gaji.

Ya ce, "Ba ni na haihu ba, balle in zamna gida ina jego. Mu tahi."

A ƙofar shiga aka rataya mini kati a wuya, shi ma aka ba shi na baƙo. Ya karɓa ya zura a aljihu, ya ce shi ba rago ba ne da za a ɗaura masa igiya.

Zauren ya fi filin ƙwallon makarantarmu girma, ga sanyin esi har cikin ƙashi. Rumfuna a jere, kowace da fitilunta da kiɗanta, ba wadda ke sauraron ta kusa da ita. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne girman kayan. Ni da na cika shago da matsattsun wanduna, sai na tarar nan komai ya buɗe: riga kamar ta mutum biyu, wando yana share ƙasa, kafaɗa ta sauko har damtse. Akwai riguna masu hula a haɗe, akwai masu rubutu a baya da ban iya karantawa ba, akwai jaket da aka yi da ragowar atamfa. Masu kayan kusan duk yara ne, wasu ba su kai ƙanena ba, amma in suna bayanin riga sai ka ce tarihin gari suke bayarwa. Wani ya tsare ni ya daɗe yana gaya mini abin da launin rigarsa ke nufi. Ni kuwa abin da nake son ji shi ne ko tana zuba in an wanke.

A rumfa ta uku Kawu ya tsaya gaban wani jins da gwiwoyinsa biyu duk a yage.

Ya ce, "Mi ya samu wandon ga?"

Na faɗa masa a hankali cewa haka ake yin sa, haka ake so. Na zaci zai yi salati ya fara wa'azi. Sai ya sa tabarau, ya ɗaga wandon zuwa haske, ya bi bakin yagar da ɗan yatsa. Ya nuna mini wani siririn ɗinki da aka zagaye wurin da shi don kada yagar ta ci gaba. Ya ce wanda ya yi wannan ɓarna ya san aikinsa, ya mayar da wandon ya rataye da girmamawa.

Daga nan ne wahalata ta fara. Duk rigar da na ɗauka ina sha'awa, sai ya karɓe ta ya juya cikinta waje. Ya duba kalmasa, ya ja hammata, ya zuge zif sama da ƙasa, ya shinshina yadin. Masu rumfa suna kallonmu. A wata rumfa mai kyan fitilu, inda na riga na ƙyalla ido a kan wasu riguna masu sheƙi, ya ɗan ja kafaɗar ɗaya sai zare ya buɗe. Mai kayan ya ɓata rai, ni kuma kunya ta rufe ni. Na ba da haƙuri da Turanci, na ja Kawu gefe, na samo masa kujera kusa da masu sayar da shayi, na roƙe shi ya huta in je in dawo. Bai yi musu ba. Ya ce in tafi abina.

Na je na kalli masu tallar kaya a kan dandamali. Samari da 'yan mata dogaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, su tako har ƙarshe, su tsaya, su juya, ba mai murmushi. Na ɗauki hotuna da yawa. Gaskiya na ji daɗi, don ban taɓa ganin an ba tufa irin wannan daraja ba. Amma ina kallo ina tunanin rumfata ta Shinkafi, da rana, da awakin da ke bi ta gabanta, na kasa hango rabin kayan a can.

Da na dawo kujerar Kawu ba kowa. Mai shayi ya ce tsohon ya sha kofi ɗaya, ya ce sukari ya yi kaɗan, ya yi nan. Na bi layi biyu ina leƙe, don ba ya riƙe waya balle in kira shi. Can ƙarshen zaure na hango mutane sun taru a wata ƙaramar rumfa, wasu sun ɗaga wayoyi. Na kutsa. Ga Kawu zaune a kan kwali, wando a cinyarsa an juya shi, allura a hannu. Allurar nan a cikin naɗin hularsa take zama, da zarenta, tun ina yaro.

Mai rumfar wata matashiya ce haifaffiyar Jos da ke ɗinki a Legas. Wanduna masu aljihu da yawa take yi, har a cinya da gefen gwiwa. Ta durƙusa a gabansa tana kallon hannunsa. Ashe da ya zo wucewa ya juya wandonta, ya ga ɗinkin ya yi masa, ya ce mata Allah ya yi wa wanda ya koya mata albarka. Sai dai ya ce bakin aljihun zai ɓalle in an sa abu mai nauyi. Ita kuwa ta ce wannan ne ƙorafin da masu saye suka fi kawo mata. Shi ne ya zauna yana nuna mata yadda ake ɗaure kusurwar da 'yan ɗinki kaɗan a gicciye.

Tana jin Hausa sosai, amma tata ta Jos ce, tasa kuma ta Zurmi. Wani lokaci sai ta juyo ta dube ni, in fassara mata Hausa zuwa Hausa. Tana ce masa Baba, yana ce mata ɗiyata. Da ya gama ya miƙa mata ya ce ta ja da ƙarfinta. Ta ja, aljihu bai motsa ba. Ta yi dariya har da tafi.

Masu wayoyin nan kuwa ba ɗinkin kaɗai suke ɗauka ba. Wani mai kyamara ya tambaye ni wane ne ya ɗinka wa tsohon wandonsa, don yankan ya burge shi, faɗin daidai da abin da ake yayi. Na ce shi ya ɗinka abinsa, kuma wandon ya girmi mai tambayar. Ya roƙi izinin hoto. Kawu ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaure fuska tamau. Na ce ya ɗan saki rai mana. Ya ce ya leƙa dandamalin nan ya ga yadda ake yi, kowa kamar an yi masa rasuwa, shi ma ba zai ɓata musu tsari ba.

Bayan azahar muka zauna zaɓen kaya, a nan ne ya yi mini abin da ya fi amfani. Duk abin da na nuna sai ya tambaye ni, "Wa za ya sa ta?" Ba ya karɓar amsar "samari". Sai na faɗi mutum, wanda na sani, da inda zai je da ita. Rigar nan mai hula, na ce ɗan kabu-kabun da ke kai ni tasha da sassafe. Ya ce a ɗauka. Babbar tishat marar rubutu, na ce ɗaliban da ke zuwa shagona. Ya ce a ɗauka. Wata jaket mai igiyoyi da ƙarafa, na nemi mai ita a duk Kaura ban samu ba. Ya ce to a bar wa masu ita. Wandunan yarinyar nan kuwa bai ma tambaya ba, ya ce in ɗauka da yawa, bayan ta yi alkawarin gyara aljihun duka kafin ta aiko.

Abu ɗaya muka saɓa a kai. Wasu riguna ne masu zif, launin ruwan lemo da kore shar, masu ɗaukar ido tun daga nesa. Kawu ya ce ba mai hankalin da zai sa wannan ya bi titi. Na ce ina da mutanena. Ya ce wa? Na ce sai mun je Shinkafi. Ya girgiza kai ya ƙyale ni.

Alhamis ta farko da na rataye su, kafin azahar babu ko ɗaya. Samarin Fulani ne daga wajen Jangeru, waɗanda ke kawo dabbobi kasuwa, suka yi musu rubdugu. Ɗaya ya sa tasa nan take a kan rigarsa, ya rataya sanda a kafaɗa, abokansa suna zagaya shi suna yaba wa. Na aika wa Kawu saƙo ta bakin direban Zurmi. Amsar da ta dawo ita ce, ai bai san da Fulani nake ba, da ya ce in ƙaro.

Wandunan aljihu kuma suka bi wata hanyar da ba mu zata ba. Ɗalibai na yi wa tanadinsu, amma wani manomi daga Badarawa ya riga su. Ya ƙirga aljihun da yatsa, ya ce ga na waya, ga na goro, ga na irin shuka. Mako na gaba ya dawo da maƙwabtansa. Kafin damina ta yi nisa, wandon da aka yi tallarsa a ƙarƙashin fitilun Abuja ya shiga gonakin dawa. Da ɗalibai suka ga haka sai suka ja baya, suka sa masa suna wandon noma. Sai da suka ga wani mawaƙi sanye da irinsa a waya sannan suka dawo suna tambaya a hankali ko akwai saura.

Na sake zuwa irin wannan baje-koli sau biyu, ɗaya a Legas, amma ni kaɗai. Kawu ya ce ya gani ya isa.

Bayan ƙaramar salla na je Zurmi gaishe shi. Na tarar da samari huɗu a kan bencin ƙofar shagonsa, kowa da wando a hannu. Shekara da shekaru yaran garin suna kawo masa wanduna ya tsuke musu ƙafa, yanzu yayi ya juya, sun dawo a buɗa. Na tambaye shi inda zai samo yadin da zai ƙara. Ya nuna mini wani buhu a bayan keke. Ashe duk ƙyallen da ya yanke daga wandon wani bai taɓa zubarwa ba. Ya zazzage buhun a tabarma, yaran suka durƙusa suna tonawa, kowa yana neman launin da ya dace da nasa. Ɗaya ya ɗaga wani ƙyalle ya rantse daga wandon yayansa aka cire shi.

Kawu ya ce in daina tsayuwa kamar baƙo, in ja kujera in riƙa warware masa ɗinkin gefe. Na karɓi reza na zauna. Muna nan har aka kira la'asar, an gama uku, na huɗun aka ce ya dawo gobe.