Ƙusar da ta shige ba guduma

Shekarar samun 'yancin kai, Baba ya aike ni tsallaken iyaka, Dahomey, in sayo ƙusa mai tsaga, wadda ke riƙe ƙafar injin niƙansa, wato wilin da ke juyawa, a garinmu Lolo. Ta shige ramin ƙafar ba ko guduma, har na yi murna.

Ranar kasuwa ƙusar ta zame, ƙafar ta ƙwace, ta tafi da yatsunsa uku.

Ina kuka na ce, "Baba, ni na jawo maka."

Ya ce, "Ramin awon Ingilishi na, ƙusar awon Faransi ta. Wa ya taɓa koya maka, ɗana?"

Bai sake niƙa ba.

Yau ni ke koyar da awo. Ɗalibaina, irin wannan ƙusa sai ta ɗan fi raminta kauri take kamawa. Ku, wa ya fara koya muku awo?