Manoman da Suka Ce Sun Gode Allah

Mun tashi da asuba, ni da abokan aikina biyu da direban jami'a, a wata mota da ba ta tashi sai an lallaɓa ta. Ba yawon buɗe ido ya fito da mu ba. Ƙorafi aka kawo a kan wata ɗalibarmu mai karatun digiri na biyu, cewa ƙirƙirar bayanan bincikenta ta yi. Ta rubuta cewa manoman ƙauyukan Katagum duk sun ce daminarsu ta yi kyau, alhali a shekarar ruwa ya ci gonaki. Mai ƙorafin ya ce a ɗakin kwananta ta zauna ta tsara amsoshin. In haka ta tabbata, kora ce, ba digiri ba dawowa.

Mun riga mun saurare ta a sirri, ta rantse cewa ta je ƙauyukan. Amma rantsuwa ba hujja ba ce a wurin kwamiti, dole a je a gani. Na gaya wa shugaban kwamitinmu ni haifaffen Azare ne, kada gobe a ce na yi son kai. Ya ce ai kunnena na ɗan gida suke so.

Tun daga gadar Jama'are na fara tuna gida. Rabona da garinmu tun rasuwar mahaifina. Azare ta cika ta batse, 'yan acaɓa masu zuwa Chinade sun tare bakin hanya, wuraren da muke ƙwallo duk sun zama shaguna. Muka tsaya cin masa. Wani abokin tafiyata ya ji kuɗinta ya tsaya ciniki kamar mai sayen sa, ni kuwa loma ɗaya na yi na ji hawaye na neman zubo mini, don miyar irin ta gidanmu ce sak. Mun wuce ta bakin layinmu, ban ce direba ya tsaya ba. Wa zan tarar?

Hanyar Katagum sai haƙuri. Wani wuri kwalta, wani wuri rami, direba na ta yi wa motar magiya. Amma gero ya yi kai, shanu na kiwo a gefen fadama, iska na kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wallahi na yi kewar wannan ƙamshin.

A ƙauyen farko mai unguwa ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura. Da muka kwatanta ɗalibar, wani dattijo ya yi dariya.

"'Yar nan mai tabarau? Ta zo mana. Har takalminta ya maƙale a taɓo."

Na ce, "To Baba, da ta tambaye ku yaya damina, me kuka ce mata?"

"Me za mu ce, Malam? Mun gode Allah."

"Amma ai ruwa ya ci gonarku a shekarar."

"Ya ci, ko iri ban cire ba. Sai in ce ban gode ba?"

Nan na gane abin da ya faru. Yarinyar a birni ta tashi. Duk wanda ya ce mata ya gode Allah, sai ta rubuta damina ta yi kyau. Ba ta san cewa a nan sai ka zauna, ka sha fura, ka sake tambaya ta wata hanya, sannan mutum zai gaya maka dami nawa ya ɗaure ba. Mahaifina ma haka yake, Allah Ya jiƙansa. Shekarar da muke wuni muna cin tafasa don yunwa, haka yake amsa wa baƙi, fuskarsa a sake. Ina zaune a tabarmar nan sai na ji kamar muryarsa ce, na ƙi tashi har sai da shugaba ya taɓa ni. Sauran ƙauyukan ma labarin bai canza ba.

A hanyar dawowa muka yi ta gardama. Ɗayanmu ya ce ko ba ƙarya ta yi ba, abin da ta rubuta ba gaskiya ba ne. Ban musa ba. Amma wanda ya yi kuskure daban, wanda ya yi ha'inci daban, kuma tantance su shi ne aikin da aka ɗora mana. Wannan tafiyar ta koya mini cewa da mun yanke hukunci daga ofis, da mun kori yarinya mai gaskiya muna ganin amana muka tsare. Mai ƙorafin ma bai yi laifi ba, abin da ya gani ya isa a tambaya.

Jami'a ta amince da shawararmu: babu kora, amma a soke babin amsoshin manoman a kundinta, ta koma ta sake tambayar manoman, ta yi damina guda a can. Da na sanar da ita sai ta fashe da kuka, tana cewa shekara guda ta tafi a banza. Na rarrashe ta iya yina. Abin da ban gaya mata ba shi ne, da ni aka yanke wa wannan hukuncin, da a ranar zan haɗa kayana.